Sawu a Yumɓu

Fanna ta dawo Mirriya ran Asabar,
jajibirin kasuwa, ina tsakar kwaɓa.
Ta miƙo mini salula,
na ce, ɗiyata, dubi hannuna,
riƙe mini in gani.

Dutse ne, ruwan toka, shimfiɗe kamar tabarma,
a bisansa sawun ƙafa:
diddige ya nutse, tsakiya ta ɗaga,
babban yatsa na gaba kamar liman.
Na ce, wa ya taka muku siminti?
Ta yi dariya har kallabinta ya zame.

Ta ce, Inna, can gabas ne, nesa ƙwarai.
Dutse ya yi aman toka,
yayyafi ya sauko ya jiƙa ta,
sai wasu suka ratsa a tsaye, da ƙafa biyu.
Rana ta busar, wata tokar ta rufe.
Ta faɗi shekarun.
Ni lissafina na tukwane ne,
ba ni da randar da za ta ci wannan adadi.

Na ƙura ido.
Ga babba, ga ƙarami a gefensa,
ga wani ya bi baya yana sa ƙafa cikin ƙafa,
yadda nake yi wa Innata
in mun tafi ɗibar yumɓu da sassafe
don gudun ƙarangiya.

Na ce, me suke dafawa?
Ta ce, ba a san sun kai ga wuta ba.
Da me suke ɗibar ruwa?
Ta yi shiru.
To, nan na fi mushenku sani, Fanna.
Wanda ba shi da tulu
ba ya kwana nesa da tafki.
Ku nemi inda ruwa ya taɓa kwanciya,
inda itace ke zubar da ƴaƴa,
inda daji ya buɗe har ido ya hango kura,
can ne gidansu,
gidan da ba katanga, ba zaure, ba murhu.

Daren nan barci ya ƙi.
Na riƙa ganin bakin Gidimuni
an kwashe dabino, an kwashe lambu,
an bar laka da tsuntsaye,
da wata gajeruwa, ɗa a kafaɗa,
tana shan ruwa da tafin hannu,
kunne ɗaya na wajen ciyawa.
Ba ta san tana rubutu ba.
Sauri take ta koma kafin duhu.

Malam Barma ya ce kar in zurfafa.
Na ce, Allah ne masani, Malam,
ban ce uwata ce ba, ban ce ba ita ba ce.
Amma shekara arba'in ina murza ƙasa,
na san nauyin mai goyo a kan laka:
ƙafa ɗaya ta fi nutsewa.

Da gari ya waye, Kalla, jikana,
ya ɓalle daga hannun uwarsa,
ya faɗa kwaɓin da na tanada don tulu uku.
Taku biyu, sai ya zauna.
Da wata rana ce da ya sha tsawa.
Na ɗauko wuƙa na yanko wurin,
na shanya a bayan rumbu kwana shida,
na gasa shi tare da kasake,
kara a ƙasa, kashin shanu a bisa.

Ya tsage ta wajen diddige, amma ya riƙe.
Yatsu biyar, kamar ƙwayar wake.

Wani ɗan Zango ya taya ran Lahadi,
na ce ba na sayarwa ba ne.
Yana nan ƙarƙashin randa.
In ƙasa ta ci gidan nan, ta ci sunana,
wanda ya tono ya auna da igiyarsa,
ya ce yaro ne, gudu yake.
Ba zai san uwarsa na bayansa da riga ba.